Sa'ar Haihuwar Yayana

Ina tankaɗe garin masara a tsakar gida wayar Inna ta yi ƙara. Da hantsi ne, cikin damina, an kwana ana ruwa kuma ƙasa ba ta gama tsotsewa ba. Inna ba ta taɓa koyon amsa waya ba, ni nake danna mata. Da na ga doguwar lamba na san Yaya ne daga ƙasar Sin, sai na buɗe muryar na ɗora wayar a kan turmi, don hannuna duk gari ne.

Yaya shi ne babbanmu, ni ce auta. Mata biyun da ke tsakaninmu sun yi aure sun bar Mubi, saboda haka tun rasuwar Baba mu uku ne a gidanmu na unguwar Nassarawo. Yana da shagon kayan gyaran babur a kasuwa, sarƙa da taya da fulogi da madubi, kuma mutanen Kamaru sun san shi, ranar kasuwa har sai ya nemi mai taya shi. Da ciniki ya buɗe sai ya daina saro kaya a kudu, ya fara zuwa can inda ake ƙera su. Wannan ce tafiyarsa ta biyu. A lokacin mutum ne mai dariya da tsokana. In ya dawo gida, muryarsa ke riga shi shigowa.

Bayan gaisuwa ya ce, "Inna, yaushe aka haife ni?"

Inna ta yi dariya. "Daga bangon duniya ka kira ni don wannan? Ba yana rubuce a fasfonka ba?"

"Wancan ai mai cika takarda ne ya ƙirƙiro. Na gaskiya nake so, rana da lokaci. Wasa muke yi da wani tsoho a nan."

Muna jin ƙarar motoci a bayansa, da muryar wani yana magana da yaren da ban taɓa ji ba. Inna tana tsintar wake a faifai. Sai ta daina. Ta daɗe tana kallon waken har Yaya ya ce, "Inna, kina ji na?" Sannan ta amsa da wata murya ƙasa-ƙasa, ba ta ko yi in-ina ba.

"Washegarin Babbar Sallah. Sallar da ta faɗo ranar Laraba, shekarar da mayo, kogin nan namu, ya cika ya shiga gonaki. Muna Bahuli a lokacin. Ana suyar nama a waje ruwa ya tsuge. Tsakanin azahar da la'asar, an fi kusa da la'asar."

"Kai, Inna, ashe ba ki manta komai ba!" Ya yi dariya, ya yi godiya, ya kashe wayar.

Ta koma kan wakenta. Na ga tana zubar da masu kyau tare da tsakuwa. A wurinmu uwa ba ta sakin baki a kan ɗan fari, ko sunansa ba ta kira. Na ɗauka kunyar ce ta kama ta.

Ya dawo bayan 'yan makonni. Kaya sun iso lafiya daga baya, ciniki bai ragu ba, kuma babu inda ke yi masa ciwo. Amma ba mutumin da muka raka tasha ne ya dawo mana ba.

Sallamarsa na fara lura da ita. Da can yana yi yana shigowa ne. Yanzu sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, in ba a amsa nan take ba ya sake, ya kuma sake da ƙarfi, ba zai ɗaga ƙafa ba sai ya ji murya. Wata rana ina wanka, Inna tana salla, babu mai amsawa. Da na fito na same shi tsaye ya dafa bango, goshinsa duk gumi.

"Ba ku ji ni ba?"

"Mun ji, Yaya. Ina banɗaki ne."

"Kin tabbata kin ji?"

Na yi dariya, shi bai yi ba.

Yana gina gida a wani fili bayan unguwarmu, har an kai linta. Ya sallami magina. Buhunan siminti suka sha iskar damina suka daskare a inda aka jera su. Akwai kuma wadda yake nema, malamar firamare ce, iyaye duk sun san da maganar, jira kawai ake ya sa rana. Ya riƙa ɗagawa. Bayan girbi. Bayan azumi. In kwantena ta iso. Ta jira iya jiranta, daga baya wani ya fito. Yaya ya je ɗaurin aurenta da kansa, ya dawo ya cire hularsa ya zauna a kan tabarma, ya ce mini, "Gara haka. Ba zan bar 'yar mutane da takaba ba." Na tambaye shi wace irin magana ce wannan, ya ce wasa yake.

Sannan ya fara rabar da kayansa. Agogonsa ya tafi, takalman Sallarsa suka tafi, har babbar rigar da ya ɗinka don auren. Inna ta ce hannu aka sa masa, ta karɓo rubutu a wurin wani malami. Ya sha bai yi musu ba. Ba abin da ya canja.

Sai da shekara ta kusa zagayowa ya gaya mini. Da bazara ne, na kai masa abinci shago bayan azahar, kasuwa ta mutu saboda zafi, maƙwabtansa duk sun miƙe a kan benci. Na ga maduban babur da yake ratayewa a ƙofa don talla duk an juya fuskarsu sun kalli bango. Na tambaye shi wa ya yi haka. Ya ce in zauna.

Ranar da ya kira Inna, in ji shi, sun fito daga wurin masu ƙera sarƙa ne shi da tafintansa, wani mutumin Damagaram da ya daɗe a can har ya auri 'yar ƙasar. Ruwa ya tare su, suka fake a ƙarƙashin wata gada. A nan suka tarar da wani tsoho zaune a kan 'yar kujera, ya shimfiɗa jan ƙyalle a gabansa, ga wani littafi mai kauri da ya sha hannu. Tafinta ya ce mai duba ne. Su a wurinsu, in ji shi, duk abin da zai sami mutum yana rataye da lokacin da ya fara shaƙar iskar duniya: shekara, wata, rana da sa'a. Kowanne yana da alama biyu, takwas ke nan, kuma kowace alama tana cikin ɗayan abubuwa biyar, ko itace, ko wuta, ko ƙasa, ko ƙarfe, ko ruwa. Mai duba sai ya ga wanne ya yi wa mutum yawa, wanne ya yi masa kaɗan, wanne ke cin wanne. Da yawa cikin 'yan kasuwarsu ba sa buɗe sabon shago ko sa ranar aure sai sun tambaya.

"Ruwa bai da niyyar tsayawa," in ji Yaya, "ni kuma kin san ni da son raha. Na ce bari in ji ko zan yi arziki."

Da Inna ta faɗi abin da ta faɗa, tafinta ya buɗe kalanda a wayarsa ya yi ta komawa baya har ya sami shekarar da Babbar Sallah ta faɗo ranar Laraba cikin damina, kusa da shekarun da Yaya ke ba kansa. Tsohon ya karɓa. Ya riƙa bin gaɓoɓin yatsunsa da babban yatsa yana motsa baki, ya buɗe littafi, ya zana alamun. Ya dube su, ya ɗago ya dubi Yaya. Ya sa tafinta ya maimaita masa lokacin. Ya sake lissafawa. Sannan ya miƙo hannu ya kama wuyan hannun Yaya ya riƙe, kamar yadda ake yi a asibiti.

"Hannunsa sanyi," in ji Yaya. "Ya riƙe ni ya daɗe. Da ya sake ni sai ya yi magana kaɗan. Tafinta ya ce shirme ne, mu tafi. Na ce sai ya faɗa mini."

"Me ya ce?"

"Ya ce wannan lokaci ruwa ne a kan ruwa. Wuta ɗaya ce 'yar ƙarama a tsakiya, kuma babu itacen da zai riƙe ta. Ya ce mai wannan lokaci ba ya kai yaye." Ya ture kwanon abincin gefe. "Ya ce bai san wane ne ke zaune a gabansa ba."

Tsohon bai yarda ya karɓi komai ba. Ya naɗe ƙyallensa, ya sa littafin a cikin riga, ya ɗauki kujerarsa ya shiga cikin ruwan da ake yi.

Na ce, "A'uzu billahi! Yaya, da hankalinka da karatunka? Mutumin da bai san Allah ba shi zai gaya maka ajalinka?"

"Kina tsammani ban sani ba? Tun makon da na dawo na je wurin liman. Ya yi mini faɗa, ya ce gaibu sai Allah, in tuba. Na tuba. Har yau ina tuba. Na san ƙarya ce." Ya taɓa kunnensa. "Amma ta riga ta shiga nan. Ina cikin ciniki sai in ji kamar aron kwanaki nake ci, kamar an manta da ni ne, kuma ko yaushe za a tuna. Wani lokaci in mutum ya wuce bai gaishe ni ba, sai in ce ko bai gan ni ba ne."

Ya hana ni gaya wa Inna. Na riƙe maganar ni kaɗai duk daminar nan, kuma ba zan ce ba ta taɓa ni ba. Na kama kaina ina amsa sallamarsa tun kafin ya gama. Na kama kaina ina kallon kwanonsa in ya tashi, in ga ko tuwon ya ragu da gaske.

Bayan girbi Goggo ta zo. Yayar Baba ce, tana zaune a Duvu, kuma duk shekara takan hau babur ta kawo mana gyaɗa da busasshiyar kuɓewa ta yi mana kwana biyu. Hausarta irin ta tsofaffin ƙauyukanmu ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. Ranar Inna ta tafi barka a maƙwabta, muna zaune ni da Goggo muna ɓarar gyaɗa. Tunanina shi ne in sami wani ɗan kuskure a lissafin, ko da na sa'a ɗaya ne, in kai wa Yaya ya huta.

"Goggo, kin tuna ranar da aka haifi Yaya? An ce mayo ya cika har gonaki."

"Wane mayo? Shi da bazara aka haife shi, ruwan sha ma sai an tona rairayi. Ni na yanke cibiya."

"Inna ta ce washegarin Babbar Sallah, ana ruwa."

Hannunta ya tsaya a cikin kwarya. Ta dube ni, ta dubi ƙofa.

"Shi ya ce haka?"

"Ita ta faɗa."

"Wannan ai ɗayan ne."

"Wane ɗayan?"

Ta jefa ɓawo gefe. "Ba a gaya muku ba? Akwai wani kafin yayanku. Shi ne na fari. Bai daɗe ba." Ta ci gaba da ɓara. "Uwarku bai sake maganarsa ba, mu ma muka bari."

Ban san lokacin da na ɗauki mayafi ba. Na isa shago ina haki, ina murna, a raina na kawo magani. Na ce, "Yaya, ba kai ba ne! Ba lokacinka Inna ta bayar ba!" Na zayyana masa abin da Goggo ta ce. Na yi tsammanin zai yi dariyarsa ta da. Ya dube ni kawai, fuskarsa ba ta motsa ba.

"Bai kai yaye ba ke nan," ya ce.

Sai a lokacin na gane abin da na kawo masa.

Ya rufe shago muka dawo tare. Inna ta dawo daga barka ta yi la'asar, tana zaune a kan sallaya. Goggo ta ga fuskokinmu ta tashi ta shige ɗaki. Yaya ya durƙusa a gefen sallayar kamar yadda yake yi in zai yi tafiya.

"Inna, ina da wa?"

Ba ta tambayi wanda ya faɗa masa ba. Ta ajiye carbinta a cinya. Ban taɓa jin Inna ta yi magana mai tsawo irin ta ranar ba, kuma ban sake ji ba. Ta ce tana yarinya a lokacin, shekararta ta biyu a gidan Baba. Naƙuda ta kama ta ana suyar naman layya, warin kitse yana tayar mata da zuciya. Ruwa ya sauko kafin a kwashe kaskon. Ya zo da gashi cike da kai, kunnensa na hagu a ɗan lanƙwashe kamar na Baba. Ba ya kuka sosai, sai kallo. An yi suna ruwa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, aka ɗora gadon a kan duwatsu. Ɗakin bai bushe ba har tari ya kama shi. Ta ce bai cika arba'in ba. Da safe ta ba shi nono ya ƙi kamawa, kafin rana ta take tsaka ya tafi. Baba ya naɗe shi a sabon zanenta na suna ya fita da shi, ita kuwa ba a bari ta ga inda aka kai shi ba.

Yaya ya saurara har ta gama. Sannan ya ce, a hankali, "To ni fa, Inna? Yaushe?"

Ta dubi hannuwanta.

"Da zafi ne," ta ce.

"Wace rana?"

Ta girgiza kai.

"Da rana ne ko da dare?"

"Ranar da ka kira ni," ta ce, "na buɗe baki in faɗi taka, sai na tarar babu komai a wurin. Waccan kaɗai ce a ajiye. Ita ta fito." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Da na same ka ban yarda na kalle ka sosai ba sai da ka fara tafiya. Tsoro nake ji. Na ce in ban riƙe komai naka a zuciyata ba, ba za a lura da kai ba, za a bar mini kai."

Na leƙa ɗaki na tambayi Goggo, tunda ita ta yanke cibiya. Ta ce, "Yarinya, cibiyar da na yanke a duniya wa ya san adadinsa? Da zafi ne, shi ke nan."

Yaya bai yi fushi ba. Ya ɗauki carbin da ya zame daga cinyarta ya mayar mata, ya ce, "Ba komai, Inna." Ya tashi ya fita masallaci tun ba a kira magariba ba.

Ranar Lahadin da ta biyo ya ce in shirya, za mu Bahuli. Ya goya ni a babur. Ban taɓa ganin gidan da iyayenmu suka fara zama ba, kuma babu abin gani, ya rushe tun tuni, karan dawa ne a tsaye a wurin. Muka yi ta tambaya har aka nuna mana gidan wani dattijo da ya yi maƙwabtaka da Baba, Kirista ne, asalinsa daga duwatsun Michika. Mun jira shi ya dawo daga coci. Da Yaya ya faɗi ko ɗan wane ne shi, dattijon ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ce ko bai faɗa ba ya ga goshin.

"Baba, wurin da aka sa yaron muke nema."

"Na sani. Ni na riƙe fartanya, babanku ya riƙe shi."

Ya ce ƙasa ta jiƙe ƙwarai a shekarar, duk inda suka sara sai ruwa ya taso. Suka yi ta hawa har gindin wani dutse kafin su sami busasshen wuri. Ya ɗauki sandarsa ya shige gaba, muka bi shi ta cikin gonar da yanzu tasa ce. A gindin dutsen akwai ɗan wuri, bai fi faɗin tabarmar yaro ba, da ciyawa ta rufe, kunyoyi sun zo sun kauce masa ta kowane gefe.

"Ba na noma nan," in ji dattijon. "'Ya'yana ma sun sani."

Yaya ya cire takalmi ya tsuguna. Ya yi addu'a ya shafa, amma bai tashi ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kan ciyawar ya bar shi a nan. Ni da dattijon muka koma gefe muna maganar dawa da tsuntsayen da suka dame shi bana. Da muka hau babur za mu dawo Yaya ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Da yanzu shi ke riƙe da gida. Da ni ƙane ne."

Na sha juya maganar nan a raina. A shekarun nan yara nawa ne aka haifa da damina ba su kai yaye ba? Wataƙila tsohon yana faɗa wa mutane da yawa irin wannan. Wataƙila tafinta ya ƙara gishiri, ko ya ɗauki shekarar da ba ita ba, don Babbar Sallah ta faɗo cikin damina shekaru da dama a jere. Na yi imani babu wanda ya san gobe sai Allah, kuma a kan haka nake so in mutu. Amma na kasa kawar da hoton wani tsoho a ƙarƙashin gada, a ƙasar da ba ta san da Bahuli ba, yana bin gaɓoɓin yatsunsa har ya iso kan ɗan jaririn da mu da muka sha nono ɗaya da shi ba mu san ya taɓa zuwa duniya ba.

Yaya ya warware, amma a hankali, kuma ba duka ba. Ya kira magina suka fasa daskararren siminti suka zubar, aka ci gaba da aiki. Ya sa an ƙara ɗaki ɗaya a gefen zaure wanda ba ya cikin tsarin farko. Na tambaye shi na wa ne, ya ce na baƙi. Bayan shekara biyu ya auri wata 'yar ƙawar Inna, mace mai haƙuri da yawan murmushi, yanzu suna da 'ya'ya uku. Ya sake zuwa ƙasar Sin sau da yawa. Ya ce sau ɗaya ya bi ta gadar, ya tarar masu sayar da abinci ne a wurin, bai tambayi kowa ba.

"Ko na ga tsohon me zan ba shi?" ya ce mini. "Ni ba ni da sa'ar da za a duba." Wani lokaci yakan faɗi haka da dariya, kamar wanda ya tsere wa tarko. Wani lokaci kuma ba da dariya ba.

Inna ta kwanta ciwon ajalinta shekaru uku da suka wuce. Yaya ya ɗauko ta daga tsohon gida ya kawo ta nasa, kuma ɗakin nan na gefen zaure ta zaɓa da kanta, ta ce ya fi iska. Ni ma na baro gidan mijina na zo jinya. A makonnin ƙarshe hankalinta ya fara tafiya yana dawowa. Takan kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun kafin a haife ni. Takan ce a kwashe shanya, hadari ya taso, alhali rana ce tsaga-tsaga.

Wata safiya ina ba ta kunu Yaya ya shigo gaishe ta kafin ya tafi kasuwa. Ya durƙusa a bakin gado. Ta ture cokalin, ta zuba masa ido, irin kallon da ban taɓa ganin ta yi masa ba, don duk tsawon rayuwarsa a kaikaice take dubansa. Fuskarta ta washe. Ta ɗaga hannu da ƙyar ta shafa kansa, ta gangaro ta kama kunnensa na hagu tana murzawa a hankali. Sai ta kira wani suna. Ba nasa ba ne, ba kuma na kowa ba ne a danginmu da na sani.

"Ashe ka girma," ta ce.

Na dubi Yaya.

"Na girma, Inna."

"Tarin ya tafi?"

"Ya tafi."

"Ina suka kai ka? Ba su bari na gani ba."

"Wuri mai kyau ne, Inna. A kan tudu. Ruwa ba ya zuwa."

Ta lumshe ido tana murmushi, hannunta na kan kunnensa. Ya zauna a haka bai motsa ba har ƙafafunsa suka yi tsami, har barci ya ɗauke ta hannun ya zame da kansa. Ranar bai je kasuwa ba. Daga nan har ta cika, da wannan suna take kiransa, shi kuma yana amsawa. Matarsa ta tambaye ni ko sunan wa ne, na ce ta tambayi mijinta. Ban san abin da ya gaya mata ba.

An binne Inna a maƙabartar gari, kusa da Baba. Ɗakin yana nan a share, da gado da tabarma, kuma baƙi suna kwana a ciki in sun zo. Yaran gidan ba sa wasa a can, ko da yake babu wanda ya hana su.